Alƙaluma sun ce mun fi Kwaddebuwa, to me ya sa kofin ya tsaya a Abidjan?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda ƙura ta ɗan lafa, ina so mu zauna mu duba lissafin gasar Kofin Afirka da aka kammala ranar 11 ga Fabrairu, 2024. Super Eagles ta buga wasa 7, ta ci ƙwallo 8, an zura mata 4. Kwaddebuwa ita ma wasa 7, ta ci 8, an zura mata 8. Mu sau ɗaya aka doke mu, shi ne wasan ƙarshe. Su kuwa tun a rukuni aka doke su sau biyu: mu muka yi musu ɗaya mai ban haushi, Ikwatoriyal Gini ta zo ta yi musu 4 da nema a gaban mutanensu. Da maki 3 suka lallaɓa suka fito, har sai da suka kori kocinsu Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa.

Wanda bai kalli wasa ko ɗaya ba, a miƙa masa takardar nan a ce ya nuna zakara, wallahi mu zai nuna. Ni abin da nake gani shi ne, waɗannan alƙaluma masu kyau su suka rufe mana ido. Wasa huɗu a jere ba a taɓa ragarmu ba, sai kowa ya daina tambayar abin da ke faruwa a tsakiyar fili. A cikin ƙwallayenmu 8, biyu fenareti ne, ɗaya ɗan Gini Bisau ne ya ci gidansu, ɗaya daga bugun kusurwa. Huɗu kacal muka gina da ƙafarmu ana cikin wasa, uku daga ciki kuma mutum ɗaya ne, Lookman. Ƙungiyar da take haka, ranar da aka farke mata ƙwallo ba ta da abin da za ta ciro daga aljihu. Me kuka gani?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Baban Khadija. Ni fa duk wannan lissafin ban yarda da shi ba. Tamaula rabo ce. Da Ziyech bai ci wa Maroko ƙwallon nan ɗaya a wasansu da Zambiya ba, da Zambiya ce ta samu gurbin fita daga rukuni, Kwaddebuwa tana gida tana kallo a talabijin. A wane shafi na takardarka za ka rubuta wannan? Suna dab da fita a hannun Senegal, Kessie ya farke da fenareti. Mali tana gaba, su kuma suna mutum goma, Adingra ya farke a minti na 90, Diakite ya ƙara ta biyu ana shirin hura usur ɗin ƙarshe na ƙarin lokaci. Abin da Allah ya rubuta nasu ne, ko mun zo da 'yan tsakiya goma sai sun ɗauka.

Abba Ƙididdiga:
Yaya Ɗan Fagge, ba wanda ya musa rabo. Amma idan muka tsaya a nan, to babu amfanin ɗaukar koci, sai a tara yara a ba su riga kawai.

Matsalar ba lissafi ba ne, wane lissafi aka ɗauko. Yawan ƙwallon da aka ci da wadda aka zura maka sakamako ne, ba ya gaya maka yadda aka kai ga sakamakon. Shi ya sa masana suka fito da ma'aunin da ake kira xG. Ga yadda yake: sun tattara dubban hare-haren da aka taɓa kaiwa raga, suka duba daga ina aka buga, da ƙafa ko da ka, akwai ɗan baya a gaba ko babu, sannan suka fitar da sau nawa irin wannan bugun yake shiga. Fenareti, alal misali, kusan uku cikin huɗu yana shiga. Bugun da mutum ya ɗirko daga nesa da wajen da'ira kuwa, a cikin talatin da ƙyar ɗaya ko biyu su shiga. Idan aka haɗa na wasa gaba ɗaya, sai a ga wa ya samu damammaki na gaske, wa kuma yake harbin iska.

To amma ko shi wannan ma'aunin yana son wasanni da yawa kafin ya faɗi gaskiya. A Firimiyar Ingila wasa 38 ake bugawa, sa'a da rashin sa'a suna cinye juna. A gasar ƙasashe wasa 7 ne ga wanda ya je ƙarshe, huɗu daga ciki kuma sili ɗaya ƙwale. Ku tuna Jamus a Kofin Duniya na Katar a 2022: ta kai wa Japan hari fiye da 20, aka tashi Japan 2, Jamus 1. Ta ci Kosta Rika 4-2, ta gama da maki 4 daidai da Sifaniya, bambancin ƙwallaye ya mayar da ita gida tun a rukuni.

Ɗan Fagge:
To ai ka dawo kan maganata, ƙanena. Ka ce ma'aunin naka ba ya aiki a wasa 7.

Abba Ƙididdiga:
Ban ce ba ya aiki ba, Yaya. Ba zai gaya maka wanda zai ɗaga kofi ba, amma zai nuna maka ciwon da ke jikin ƙungiya tun kafin ya kwantar da ita.

Koci Sabon Gari:
Ku bar ni in shigo a nan, domin abin da Baban Khadija ya taɓo na tsakiyar fili shi ne zuciyar maganar.

Bayan kunnen doki 1-1 da Ikwatoriyal Gini, kocinmu Peseiro ya sauya tsari ya koma 'yan baya uku: Ajayi, Troost-Ekong, Bassey. Ola Aina a gefen dama, Zaidu Sanusi a hagu, suna hawa suna sauka. Gaba mutum uku. Ku ƙirga, saura mutum nawa a tsakiya? Biyu: Onyeka da Iwobi. Ndidi da ya kamata ya riƙe wurin ya ji rauni tun kafin a fara gasa, shi ya sa aka kira Alhassan Yusuf ɗan Kano ya maye gurbinsa.

Yanzu ku dubi wasan ƙarshe. Sabon kocinsu Emerse Fae ya zuba mutum uku a tsakiya: Seri, Kessie, Seko Fofana. Seri yana zaune a baya yana raba ƙwallo. In Iwobi ya fito ya tare shi, Fofana ya samu fili a bayansa. In Onyeka ya bi Fofana, Kessie ya zama ba mai gadinsa. Kamar mutum biyu ne aka ba su gadin ƙofa uku. Daga nan sai a juya ƙwallo gefen hagunsu, inda Adingra yake jiran Ola Aina shi kaɗai. Ku sake kallon ƙwallon Haller ta minti na 81: Adingra ya karɓa a bakin layi, ya yi kamar zai tsaya, ya fizga, Aina ya makara da taku ɗaya, ya kwararo ta ƙasa-ƙasa, Haller ya ɗaga ƙafa ya taɓa ta da ƙasan takalmi a gaban Ekong. Ba wannan ne karon farko da ya wuce shi a daren ba. Tun kafin hutun rabin lokaci ana ta ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Abin da ya fi ci min rai, alamar ta fito tun a Bouake a wasanmu da Afirka ta Kudu. Sun riƙe ƙwallo sun juya mu yadda suke so, golanmu Nwabali ne ya tsaya mana, har ya kaɗe biyu a bugun fenareti. Muka yi murna, kuma ya kamata mu yi, amma benci ya kamata ya ga abin da ya faru ya ƙara mutum na uku a tsakiya.

Baban Khadija:
Allah ya saka da alheri, Koci. Abin da nake ta laluben yadda zan faɗa ke nan.

Maman Walid:
Sannunku da muhawara. Ni ina da ƙorafi kan yadda ake amfani da lissafin nan a kan 'yan wasa ɗaiɗaiku. Tun da aka gama gasar nake ganin ana rubuta cewa Osimhen ƙwallo ɗaya ya ci a wasa 7, wai ina gwarzon Afirkan yake, ina wanda ya ci wa Napoli 26 a kaka ɗaya. Duk mai faɗin haka ina tantamar ko ya zauna ya kalli wasannin. Fenaretin da muka ci Kwaddebuwa da shi a rukuni, wa aka kayar? Shi. Na wasan Afirka ta Kudu fa? Shi. Ƙwallon farko da Lookman ya ci Kamaru, Osimhen ne ya bi ɗan bayansu da gudu ya ƙwace ta a ƙafarsa, ya miƙa wa Lookman alhali zai iya bugawa da kansa. Wadda ya zura wa Angola aka ce satar gida. Wadda ya zura wa Afirka ta Kudu, na'urar VAR ta soke ta, aka dawo da wasa can baya aka ba su fenareti. Ku cire yaron nan daga tawagar ku gani ko za mu wuce zagayen 'yan 16.

Sannan abin da aka yi wa Iwobi bai dace ba ko kaɗan. An ajiye shi inda ba wurinsa ba ne, an ce ya yi aikin mutum biyu, da aka sha kashi sai aka bi shi Instagram da zagi har ya goge hotunansa. Ɗan wani ne fa. Na ji daɗi da Ahmed Musa ya fito ya ce a daina.

Ɗan Fagge:
Hajiya, kan maganar zagi ina bayanki ɗari bisa ɗari. Amma ɗan gaba aikinsa cin ƙwallo ne. Emilio Nsue na Ikwatoriyal Gini ya ci 5 a wasa huɗu. Ekong ɗan baya ne, ya ci 3.

Maman Walid:
Biyu daga cikin ukun Ekong ai fenaretin da Osimhen ya samo ne, Malam. Da shi ya karɓa ya buga suka shiga, da yanzu kana cewa ya ci 3, alhali wasan da ya yi bai sauya da komai ba.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya, da fatan an ji da haƙuri. Ni zan kawo wani gefen, wanda mu a Nijar ba za mu manta da shi ba. Wani lokaci lissafin da ke kai ka ko ya mayar da kai gida ba a fili yake ba, yana cikin takardar dokokin gasa.

A watan Oktoban 2011, wasannin ƙarshe na neman gurbin Kofin Afirka na 2012. Rukuninmu akwai Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. A ranar Masar ta ci Mena, ƙungiyarmu ta Nijar, 3 da nema. Afirka ta Kudu tana gida da Saliyo, labari ya iso musu cewa ana cin mu, sai suka koma ɓata lokaci don a tashi canjaras babu ci, suna ganin bambancin ƙwallaye zai fid da su. Aka tashi, suka yi ta rawa a fili suna zagaye. Ashe dokar CAF ta ce in ƙungiyoyi suka yi daidai a maki, sakamakon da suka yi tsakaninsu ake fara dubawa. Mu uku muna da maki 9-9. A wasannin da muka yi da juna, Nijar tana da 6, su biyun 5-5, domin mun doke kowannensu a Yamai. Haka kocinmu Harouna Doula ya kai mu Kofin Afirka karo na farko a tarihi, alhali ƙwallayen da aka zura mana sun fi waɗanda muka ci.

Abba Ƙididdiga:
Madalla da wannan, ɗan'uwa. Irinsa ya faru da Senegal a Kofin Duniya na Rasha a 2018, sai dai ita a kanta ya faɗo. Ita da Japan sun yi daidai a maki, daidai a bambancin ƙwallaye, daidai a yawan ƙwallaye, wasansu kuma 2-2 aka tashi. Aka koma ƙirga katin gargaɗi: Senegal 6, Japan 4. Da haka aka fitar da ita. Tun daga ranar, duk benci mai hankali yana da mutumin da aikinsa kawai ya riƙe biro yana bin irin waɗannan.

Alhaji Na-Garwa:
Salamu alaikum. Baban Khadija, maganarka ta tuna min da abin da muka gani da idonmu a nan Garwa a watan Janairun 2022. Rukunin Najeriya a filin Roumde Adjia aka buga shi, garin ya cika da baƙi daga Yola da Mubi da Maiduguri, in ka shiga filin sai ka rantse a gida suke wasa. Sun ci Masar 1-0 da ƙwallon Iheanacho, sun ci Sudan 3-1, sun ci Gini Bisau 2-0. A duk gasar su kaɗai suka haɗa maki 9. Moses Simon yana yin yadda ya ga dama da 'yan baya a gefen hagu, kowa yana cewa kofi ya zo.

Sai ga Tunisiya, wadda Mali ta ci, Gambiya ma ta ci, ta fito a matsayi na uku da maki 3, ga cutar korona ta kwantar mata da 'yan wasa har da kocinta. Ina zaune a ɓangaren da Simon yake buga rabin farko. Duk lokacin da ƙwallo ta nufo shi, kafin ya tsayar da ita mutum biyu sun rufe shi, na uku yana bayansu yana jira. Ya ɗaga kai ya nemi wanda zai ba, babu kowa kusa. Sun karanci wasanninmu uku sun gane ta ƙofa ɗaya muke shiga. Msakni ya buga ɗaya daga nesa ta shige, aka ba Iwobi jan kati, shi ke nan. Senegal da ta ɗauki kofin a shekarar kuwa, ƙwallo ɗaya tak ta ci a rukuni, ita ma fenaretin Mane ne a ƙarshen wasansu da Zimbabuwe.

Baba Tsohon Gola:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Abin da Alhaji ya faɗa ba a Garwa ya fara ba. A 1994 mun ɗauko Kofin Afirka a Tunis, FIFA ta sa mu na 5 a duniya, matsayin da har yau ba mu sake kusantarsa ba. Muka je Kofin Duniya a Amurka muka ci Bulgeriya 3-0, Ajantina ta ci mu 2-1, muka ci Girka 2-0, muka zama na ɗaya a rukuni. Wa aka haɗa mu da shi? Italiya, wadda ta fito a matsayi na uku da ƙyar. Amunike ya ci, aka ba Zola jan kati, suna mutum goma, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Har wasan ƙarshe suka je.

Ku lissafa da kyau: Italiya 1994, Tunisiya 2022, Kwaddebuwa 2024. Dukkansu na uku suka yi a rukuninsu, dukkansu mun fi su kyan takarda, dukkansu su suka fitar da mu. A biyu daga ciki ma mu muka fara cin ƙwallo, sai muka ja baya muna jiran usur. Wanda ya ga mutuwa da idonsa a rukuni ya riga ya gano inda yake yoyo ya toshe. Mu da muke cin wasa ba mu taɓa samun dalilin duba namu ba.

Abba Ƙididdiga:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan jeri ya girgiza ni. Sai dai da izininka zan ɗan ja kaɗan. Misali uku a cikin shekara 30 bai isa a kafa doka a kai ba. A 1998 Denmak ce ta yi mana 4-1, ita kuwa ta biyu ta yi a rukuninta. Kuma akwai ƙasashe da yawa da suka fito a na uku aka kore su a wasa na gaba, ba wanda yake tuna su domin ba su ba da labari mai daɗi ba. Muna riƙe Fotugal ta 2016 da ta yi canjaras uku ta ɗauki Kofin Turai, muna mantawa da sauran.

Inda na yarda da kai shi ne ja da baya bayan mun ci. Wannan ana iya auna shi: a ɗauki kowane wasa, a duba hare-haren da muke kaiwa kafin mu ci da bayan mun ci, a duba a wane yanki na fili muke ƙwace ƙwallo. Wannan aikin hukumar ƙwallon ƙafa ne ta sa a yi mata, ba ranar gasa ba, tun yanzu.

Baba Tsohon Gola:
Na ji, ɗana. Amma ka ƙara da 2013. Koci Keshi, Allah ya ji ƙan maza, ya fara da kunnen doki da Burkina Faso, ya sake yi da Zambiya, sai a ƙarshen wasan Habasha Victor Moses ya ci fenareti biyu muka tsira. Ana ta zaginsa a gida. Ya zauna ya gyara, ya amince da Sunday Mba da ke wasa a gida, muka fitar da Kwaddebuwar su Drogba da Yaya Toure, muka yi wa Mali 4-1, Mba ya ci Burkina a wasan ƙarshe. Shekarar da muka sha wuya a rukuni ita ce muka dawo da kofi.

Ɗan Fagge:
To ni tambayata ga Koci: in tsaron gida laifi ne, me za ka ce da Maroko a Katar? Sifaniya ta yi ta taɓa-taɓa, ta miƙa wa juna ƙwallo wajen sau dubu, Maroko ta jira ta a bugun fenareti. Kafin wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya aka zura musu, ita ma ɗan wasansu ne ya ci gida a wasan Kanada. Japan ta doke Sifaniyar da riƙon ƙwallon da bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Sifaniyar kanta da ta ɗauki Kofin Duniya a 2010 ƙwallo 8 ta ci a wasa 7, daidai da namu.

Koci Sabon Gari:
Tambaya mai kyau, Malam. Ban ce tsaron gida laifi ba ne. Maroko tana tsare gida da mutum uku a tsakiya: Amrabat yana share gaban 'yan baya, Ounahi da Amallah suna karɓar ƙwallo su fita da ita. In sun ƙwace, sun san ƙafar da za ta fara zuwa da ta biyu, sai ka ga Hakimi da Ziyech sun tashi a dama. Mu in mun ƙwace a daren Abidjan, sai a ɗaga ta sama a ce Osimhen ya yi dambe da mutum biyu, cikin daƙiƙa biyar ta dawo kanmu. Sifaniyar 2010 kuwa ƙwallon tana ƙafarsu, abokin karawa ne yake gudu. Takwas ɗinsu da takwas ɗinmu lamba ce kawai ta zo ɗaya.

Maman Walid:
To yanzu Peseiro ya tsaya ko ya tafi? Kwantiraginsa ƙarshen watan nan na Fabrairun 2024 zai ƙare.

Ɗan Fagge:
Mutumin da ya kai mu wasan ƙarshe, karo na farko tun 2013? Ya tsaya mana.

Baban Khadija:
Ni damuwata ba sunan koci ba ce, Hajiya, abin da ke gabanmu ne. A neman gurbin Kofin Duniya na 2026 mun buga wasa biyu a watan Nuwamban 2023: 1-1 da Lesotho a Uyo, 1-1 da Zimbabuwe. Maki 2 cikin 6, kuma na ɗaya a rukuni ne kaɗai yake wucewa kai tsaye. A can babu bugun fenareti da Nwabali zai fitar da mu, canjaras asarar maki biyu ce. Ƙananan ƙasashen nan su za su koma baya su bar mana ƙwallo su ce bismillah, mu gina. A watan Yunin 2024 kuma Afirka ta Kudu ce za ta zo. Koci, in Ndidi ya warke, wa za ka ajiye a benci don a samu mutum na uku a tsakiya?

Koci Sabon Gari:
Ɗaya daga cikin 'yan baya ukun. In koma huɗu a baya, Ndidi a gabansu, Onyeka ko Alhassan Yusuf a gefensa, Iwobi ya matsa gaba inda ya saba, kusa da Osimhen. Da Lesotho ba ka buƙatar mutum uku suna gadin ɗan gaba ɗaya.